Yadda Ake Kai Ƙarar Ma'aikacin Makaranta a Damagaram, da Yadda Ake Bin Sawunta

Idan malami, ko darakta, ko mai gadin makaranta ya ci amanar ɗalibi, abin da ya fi yawan kashe maganar a jihar Damagaram shi ne barin ta a baki. Uba zai je makaranta ya yi faɗa, mai unguwa zai tara dattawa, a ba da haƙuri, a shafa fatiha, sannan bayan hutu a ji labarin an sauya wa mutumin wurin aiki zuwa wani ƙauye na Tanut ko Gure, inda babu wanda ya san abin da ya aikata. Hukumomin da doka ta ɗora wa alhakin hukunta ma'aikaci, da waɗanda ta ɗora wa alhakin sa ido a kan ma'aikatar ilimi, duka da takarda suke aiki, don haka ƙarar da ba a rubuta ba, a wajensu tamkar ba ta faru ba ce. Akasarin malamanmu masu riƙon amana ne, da yawansu suna koyarwa a ajin zana cikin zafi da ƙura, kuma rubuta ƙara yadda ya dace yana kare su ma, domin yana raba mai laifi da wanda aka yi wa ƙazafi.

Abu na farko shi ne ku tantance irin laifin, saboda shi ne zai nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Akwai laifin da ya tsaya ga ladabin aiki, irin su yawan fashin zuwa aji, barin wurin aiki ba izini, zagin yara, ko tura su aikin gona da ɗebo ruwa a lokacin karatu. Wannan na shugabannin ma'aikaci ne. Akwai kuma laifin da kundin hukunta laifuka ya tanadar wa horo, wato fyaɗe, taɓa jikin yaro ta hanyar batsa, neman ɗaliba da barazanar faɗuwa jarrabawa, dukan da ya ji rauni, karɓar kuɗi domin ƙarin maki, ko cinye kuɗin makaranta da abincin ɗalibai. Irin wannan na biyun hanyoyi biyu ake bi masa a lokaci guda, hanyar ma'aikata da hanyar kotu, kuma ɗaya ba ta soke ɗaya. Duk wanda ya ce muku tun da an kai magana wajen sufeto babu sauran zuwa wajen jandarmomi, ko dai bai sani ba ne, ko kuma rufa-rufa yake so.

Kafin takarda, sai yaro

Idan ɗiyarku ko ɗanku ya buɗe baki ya faɗi abin da aka yi masa, ku saurara har ya gama, kada ku tsawata masa, kada kuma ku sa masa magana a baki. Uwa ko gwaggo ta ce, "Ɗiyata, faɗa mini yadda aka yi, ba ki yi laifin komai ba," ta bar ta ta yi bayani da kalmominta. Kada a tara ƴan uwa kowa ya sake tambayar ta, domin yawan maimaitawa yana rikita yaro, kuma daga baya lauyan wanda ake tuhuma zai kama duk wani saɓani ya ce ƙarya ce. Kada kuma a haɗa yaron gaba da gaba da mutumin da yake tsoro da sunan gano gaskiya.

Idan akwai rauni ko zargin fyaɗe, asibiti ne wuri na farko, a ranar, ba tare da jiran dawowar maigida daga tafiya ba. Maganin kariya daga cutar sida yana aiki ne idan an fara shan shi cikin awa 72, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma ba ya wuce kwana 5. A bar tufafin da yarinyar ke sanye da su ba tare da an wanke ba, a naɗe su a takarda ko ƙyalle mai tsabta. A cikin gari akwai babban asibitin ƙasa na Damagaram, a karkara kuma a fara da likitar da ta fi kusa. Ku nemi takardar shaidar likita wadda ta bayyana abin da aka gani da ranar da aka gani. Idan kun riga kun biya ta ofishin ƴan sanda ko na jandarmomi, su ma suna ba da takardar da ke umartar likita ya duba ya rubuta, kuma wannan ta fi ƙarfi a gaban alƙali.

Rubuta ƙarar

Takardar ƙara ba ta buƙatar ado. A sa ranar rubutawa, da sunan mai ƙara da dangantakarsa da yaron, da sunan makaranta da aji, da sunan ma'aikacin da muƙaminsa, sannan a faɗi abin da ya faru, da rana, da wuri, da waɗanda suka gani ko suka ji. A bambanta abin da aka gani da ido da abin da yaro ya faɗa da abin da aka ji a gari, domin wannan bambancin shi ne ke sa jami'i ya ɗauki takarda da muhimmanci. A guji zagi da yanke hukunci, a ƙare da abin da ake nema ƙarara: a yi bincike, a raba mutumin da yara har a kammala, a kuma ba da amsa a rubuce. Wanda bai iya rubutun Faransanci ba ya nemi amintaccen mutum ko sakataren kwamitin makaranta ya rubuta masa, amma ya sa a karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Idan akwai saƙonnin waya da ma'aikacin ya aika wa ɗaliba, kada a goge su, kada a sauya wayar, a dai ɗauki hotonsu a ajiye.

A yi kwafi aƙalla biyu. Duk ofishin da aka kai takarda, a roƙi sakatare ya buga hatimi da kwanan wata da lambar shiga a kan kwafin da zai zauna a hannunku. Wannan ƙaramin hatimi shi ne dukan ƙarfinku nan gaba, domin da shi ne za ku nuna cewa wane ofishi ya sani tun rana kaza kuma bai motsa ba. A ganina babu wani mataki a cikin duk wannan jagora da ya kai shi muhimmanci, kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa da shi saboda kunya ko gaggawa.

Hanyar ma'aikata

A makarantar firamare ana farawa da darakta, daga shi sai mai ba da shawara kan koyarwa na yankin, sai sufeton ilimi, sai ofishin ilimi na gunduma, sai daraktan ilimi na jiha da ke nan Damagaram, sannan ma'aikatar ilimi a Yamai. A kolej da lise ana kai wa shugaban makaranta, daga nan a hau sama haka nan. Idan darakta shi ne abin zargi, ko an san amininsa ne ake ƙara, a tsallake shi a tafi wajen sufeto kai tsaye, babu laifi a cikin haka. A shiga da ladabi, a ce, "Ranka ya daɗe, mun kawo koke a rubuce, muna roƙon a ba mu shaidar karɓa," domin ladabi ba ya rage wa ƙara nauyi.

Ya kamata ku san matsayin mutumin da kuke ƙara, saboda hukuncin ya danganta da shi. Cikakken ma'aikacin gwamnati yana ƙarƙashin dokar ma'aikatan ƙasa mai lamba 2007-26 ta 23 ga Yuli 2007, wadda ta jera horo daga gargaɗi da tsawatarwa a rubuce har zuwa rage muƙami da kora. Horo mai tsanani sai ya bi ta kwamitin ladabtarwa, inda ma'aikacin ke da haƙƙin ganin abin da aka tara a kansa ya kuma kare kansa, shi ya sa lamarin ke ɗaukar lokaci, amma hukuma tana da ikon dakatar da shi tun kafin nan idan laifin babba ne. Malamin kwantaragi kuwa, kuma su ne da yawa a azuzuwanmu, soke kwantaraginsa ake yi. Ma'aikacin makaranta mai zaman kanta yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012 da mai makarantar, sai dai makarantar kanta da izinin gwamnati take aiki, saboda haka a kai wa sufeto kwafi ko da mai makaranta ya yi alkawarin korar mutumin. In ba haka ba, zai bar wannan makaranta da safe ya sami wata da yamma.

Idan mako biyu ko uku suka wuce ba amsa, a rubuta takardar tuni zuwa ofishin da ke sama, a haɗa da kwafin ta farko mai hatimi.

Hanyar kotu da wajibin da ke kan jami'ai

Ana iya shigar da ƙara a ofishin ƴan sanda, ko wajen jandarmomi a karkara, ko a rubuta kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Damagaram. Ƴan sanda suna da sashen kare yara da mata, kuma ya fi kyau a nemi shi da suna tun daga ƙofa. Dokar 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014 ta tsara aikin alƙalin yara, wanda ban da shari'ar yaran da suka yi laifi, yana da ikon ɗaukar matakin kare yaron da ke cikin haɗari. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011. Idan mai gabatar da ƙara ya ajiye maganar bai bi ta ba, doka ta bar wa wanda aka cuta damar kai ƙara gaban alƙali mai bincike a matsayin mai neman diyya.

Nan ne ake buƙatar darakta da sufeto su san nauyin da ke wuyansu. Tsarin shari'ar laifuka na Nijar ya wajabta wa duk jami'in gwamnati da ya sami labarin babban laifi a cikin aikinsa ya sanar da mai gabatar da ƙara ba tare da jinkiri ba. Ma'anar wannan ita ce daraktan da uwa ta kawo wa zargin fyaɗe ba shi da zaɓin ya "kashe wutar a cikin gida". Ba aikinsa ba ne ya tabbatar da gaskiyar zargin kafin ya sanar, wannan aikin masu bincike ne. Nasa shi ne ya rubuta abin da aka faɗa masa, ya raba yaron da wanda ake zargi, ya aika sama, ya kuma sanar da shari'a. Malamin da ya ga abokin aikinsa yana keɓewa da ɗaliba a bayan an tashi, ya rubuta wa darakta ya ajiye kwafi, domin ranar da magana ta fashe za a tambayi wanda ya sani ya yi shiru. Sandika, wato ƙungiyar ƙwadago ta malamai, tana da haƙƙin tsaya wa ɗanta ya sami shari'ar adalci, kuma ya dace ta yi, amma tsayawar da ta zama matsa wa iyaye su janye ƙara ta fita daga aikin sandika.

Gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003 shi ne ya shigar da laifin matsa wa mutum da neman lalata ta hanyar umarni ko barazana, ya sa masa ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100, ya kuma ƙara horon idan mai laifin ya yi amfani da ikon muƙaminsa, wanda shi ne ainihin halin malami da ɗalibarsa. Fyaɗe kuwa babban laifi ne da ɗaurinsa ke farawa daga shekara 10, yana ƙaruwa idan yarinyar ƙarama ce.

Sulhu, aure da sauyin wurin aiki

Sarakunan gargajiya da masu unguwanni da limamai suna da matsayi babba a Damagaram, kuma sulhunsu yana warware rigingimu masu yawa da kotu ba za ta iya ba. Idan malami ya zagi uba, ko an yi saɓani kan kuɗin tara, sulhu ya wadatar. Amma fyaɗe da lalata da ƙaramar yarinya ba na sulhu ba ne, kuma yafewar iyaye ba ta ɗaure hannun mai gabatar da ƙara. Mafi muni shi ne a ce mutumin ya auri yarinyar domin a rufa asiri, wato a miƙa ta ga wanda ya cuce ta, a kuma raba ta da karatu. Dokar gwamnati mai lamba 2017-935 ta 5 ga Disamba 2017 an yi ta ne domin kare ɗiya mace da tallafa mata a lokacin karatunta, kuma iyaye su riƙe ta a matsayin hujja idan aka nemi a sallami ɗiyarsu saboda ciki. Abin da ya kamata dattijo ya yi a nan shi ne ya raka iyayen zuwa ofis, ya kuma hana mutanen unguwa tsangwamar yarinyar.

Sauya wa mai irin wannan laifi wurin aiki kamar mai kai akuya mai ƙazuwa garken maƙwabci ne. Wasu ƙasashe sun gane haka bayan sun sha wuya. A Amurka, dokar ilimi ta tarayya ta 2015 ta wajabta wa jihohin da ke karɓar kuɗinta su hana makarantu taimaka wa ma'aikacin da ake da dalilin zargi da lalata da ɗalibi samun sabon aiki, a Ingila kuma akwai hukumar da ke riƙe da sunayen waɗanda aka haramta wa aiki da yara, wadda makarantu ke tuntuɓa kafin ɗaukar ma'aikaci. Ku dai a takardarku ku rubuta a fili cewa sauyin wuri ba shi kuke nema ba, ku nemi a sa sakamakon binciken a cikin kundin aikin mutumin.

Sai gargaɗi game da waya. Kada a saka sunan wanda ake zargi ko hoton yaron a WhatsApp ko Facebook. Yana tona asirin yaron har abada, yana ba mai laifi damar ɓatar da shaida, kuma dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran Yunin 2024, ta tanadi ɗauri ga ɓata suna ta wannan hanya, sai mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Kwamitin makaranta

Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin gudanarwa da aka fi sani da COGES, ga ƙungiyar iyayen yara, ga ta iyaye mata masu tarbiyya. Ƙarar da kwamiti ya sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi, kuma tana rage wa talaka tsoron ramuwa a kan ɗansa. Kwamiti ya buɗe littafi na musamman da ake rubuta ranar da koke ya zo, da irinsa, da inda aka aika shi, da amsar da aka samu, ba tare da sunan yaro ba. Ya kuma ware mace ɗaya amintacciya daga iyaye mata wadda ƴan mata suka san za su iya zuwa wajenta. Tun da kwamitocin suna da tarayya a matakin ƙaramar hukuma, a can ne za a iya haɗa alƙaluman makarantu da dama, a gane ko sunan mutum ɗaya yana maimaituwa.

Masu sa ido a kan ma'aikatar kanta

Duk abin da aka faɗa a sama yana hukunta mutum ɗaya ne. Tambayar ko ma'aikatar ilimi tana aikinta gaba ɗaya, wannan aikin majalisa ne. A da, a ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, majalisar dokoki ce ke sa ido a kan aikin gwamnati, kuma ɗan majalisa yana iya aika wa minista tambaya a rubuce, ko ya yi ta da baki a zaure, ko a kira minista ya yi bayani, ko a kafa kwamitin bincike, yayin da batun ilimi ke hannun kwamitin harkokin jama'a da al'adu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da kundin, majalisar ta daina aiki, a Afrilun 2024 kuma aka rusa zaɓaɓɓun majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a 26 ga Maris 2025 ya kawo majalisar tuntuɓa ta CCR, wadda aka girka a Yunin 2025. Ita shawara take bayarwa, ba ta da ikon yin doka irin na majalisar da ta gabata, amma tana da wakilai daga jihohi, kuma hanya ce ta isar da magana sama. Dokokin da aka ambata a baya, har da dokar tsarin ilimi mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, juyin mulkin bai shafe su ba, haka ma alkawarin da Nijar ta ɗauka a 1990 lokacin da ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta wajabta mata kai rahoto lokaci zuwa lokaci.

Idan tarayyar kwamitoci ko ƙungiyar iyaye za ta rubuta wa wakilin CCR, ko gwamna, ko kantoma, kada ta kai musu shari'ar mutum ɗaya, domin ba su ne alƙalai ba, kuma shigarsu cikin ƙarar da ke gaban kotu na iya lalata ta. Ta kai musu tambayoyin da amsarsu lamba ce: koke nawa ofishin ilimi na jiha ya karɓa a shekarar karatun da ta wuce, nawa aka bincika, nawa aka miƙa wa mai gabatar da ƙara, nawa suka ƙare da kora ko soke kwantaragi, nawa kuma suka ƙare da sauyin wuri kawai. Ta tambayi tsawon lokacin da koke ke ɗauka tsakanin teburin darakta da na sufeto, da ko ana duba kundin mutum kafin a sake ɗaukar sa aiki a wata gunduma ko a makaranta mai zaman kanta. Sannan ta nemi abubuwa uku da suka cancanci a sa su a rubuce a dokar aiki: wa'adin kwanaki da darakta zai aika da koke sama, horo ga jami'in da ya danne shi, da rahoton shekara da ma'aikatar za ta riƙa fitarwa jiha jiha ba tare da sunayen yara ba.

A haɗa wa wasiƙar jerin koken da ke cikin littafin kwamiti, da ranakun hatimi, da adadin waɗanda ba a amsa ba, a aika kwafi ga daraktan ilimi na jiha domin ya san an tambaya. Lokacin da ya fi dacewa da aikawa shi ne kafin komawa makaranta a watan Oktoba, sa'ad da ake tsara sauye-sauyen wuraren aikin malamai, domin a lokacin ne ake yanke shawarar ajin da kowane malami zai shiga.